Jawabi: abin da ya sa sabuwar na'ura ke zuwa da ciwonta



Wanda ya sayi sabuwar salula, bayan kwana kaɗan ta shiga sandarewa, mai kanti yake ɗora ma laifi. Alhali ciwon yana cikin manhaja, wato rubutaccen umurnin da na'urar ke bi.

Galibin masana'antun nan ƙira suka iya. Ribarsu siririya ce, kuma ranar ciniki take shigowa. Duk gyaran da ya biyo baya hasara ne gare su. Ga gaggawar kai kaya kasuwa kafin Kirsimeti. Sai su karɓi manhaja yadda take daga wanda ya ƙera ƙwaƙwalwar na'urar, su liƙa sunansu.

Manya ma ba su tsira ba. Ran 31 ga Disamba 2008, na'urorin sauraren kiɗa Zune na kamfanin Microsoft, wanda manhaja ce sana'arsa, suka sandare rana guda. Shekarar kwana 366 gare ta, lissafin agogon da aka ɗauko daga kamfanin Freescale kuwa ya ruɗe a kwanan ƙarshe. Maganin da aka ba masu saye: a bar batir ya ƙare, a jira gobe!

Daga 20 ga Yuni 2025, Tarayyar Turai ta ɗora ma masu ƙera salula sabunta manhaja har shekara 5 bayan sun daina sayar da samfurin. Dokar ba ta shafi kayan da ake saukewa Maradi ko Damagaram ba. Nan, in salula ta sandare, kanti ake maido ta.