Jan Biri da Ƙarewar Daji a Arewacin Kaduna

Jan biri dabbar fili ce. Ya bambanta da kirka mai son kurmin rafi, da gwaggon biri mai fakewa a duwatsu, domin shi a ƙasa yake wuni, cikin ciyawa da ƙayoyi. A duk dangin birai babu mai gudunsa, yana kaiwa kusan kilomita 55 a awa. Garkensa mata ne da 'ya'yansu, sai babban namiji guda wanda ya kusa ninka macen girma, aikinsa gadi. Macen takan yi ciki na wata biyar da rabi ta haifi ɗa ɗaya, galibi da rani.

Abincinsa shi ne ya ɗaure shi da daji. Yana cin ƙaron itatuwa masu ƙaya, da fara da sauran ƙwari, da 'ya'yan itace. Irin wannan abinci a warwatse yake, shi ya sa garke guda ke buƙatar fili mai faɗin gaske, wani lokaci fiye da murabba'in kilomita 20. Da dare kuma ba sa cunkushewa wuri ɗaya, kusan kowane babba itacensa daban yake hawa ya kwana. Idan aka sare itatuwa, an raba shi da abinci da makwanci lokaci guda.

Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ƙasar noma ce ta sosai. Fadamu sun zama na rake da tumatir, tudu na masara da dawa, masu gawayi da masu itacen girki kuma suna bin abin da ya saura. Birin da dajinsa ya koma gona ba shi da wurin zuwa sai gonar, nan ne ya samo sunan maɓarnaci. Asarar manomi gaskiya ce, duk wanda ya taɓa wuni yana tsaron masara ya san haka. Sai dai ɓarnar ta biyo bayan saran daji ne, kuma tarko da guba ba sa maido da itace ko ɗaya. Akwai kuma masu wasa da biri a kasuwanni: ɗan birin da ke ɗaure da sarƙa, sau da yawa sai an kashe uwarsa ake samun kama shi.

Mafaka mafi kusa ita ce dajin Falgore a Jihar Kano, cikin ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, wanda aka sanya cikin sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10 da Gwamnatin Tarayya ta amince da su a 2020. Can yamma akwai Kamuku a Birnin Gwari, gandun ƙasa tun 1999, sai dai matsalar 'yan bindiga ta daɗe tana hana masu gadi aikinsu. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tana nan tun 1985, ƙauyuka kaɗan ne suka taɓa jin labarinta.

Tsibirin Hainan na ƙasar Sin ya nuna iyakar da sakaci ke kaiwa. Birinsa maras wutsiya mai dogayen hannaye, wanda ake kira gibon, ya kai kusan 2,000 wajen 1950. Da aka ƙirga a 2003, 13 kacal suka rage, a daji ɗaya, Bawangling. Hana farauta da dasa itatuwan da yake ci sun ɗaga adadin zuwa kusan 40 bayan shekara 20. Har gadar igiya aka ɗaura masa a 2015, inda zaftarewar ƙasa ta raba dajin.

Jan biri bai kai wannan hali ba, kuma abin da zai tsare shi yana hannun hakimai da dagatai da ƙananan hukumomi: a bar kurmin bakin rafi ba a sare ba, a kiyaye iyakokin gandayen daji da burtalin shanu, a hana sayar da 'ya'yan birai ranar kasuwa, gonakin bakin daji kuma a riƙa tsaronsu ta hanyar gayya daga fitar goyo har girbi.