Kafin ka ce an yi maka kutse, duba layinka

Yau maganar Facebook da WhatsApp ɗin da suka kuɓuce za mu yi.

Kun tuna Satumbar 2021 da aka katse sabis a Zamfara baki ɗaya? Gusau ta samu nata a Oktoba, Tsafe da Bungudu sai da suka ƙara jira. Wani a lokacin ya ajiye sim, bai sake waiwayarsa ba. To layin da ya daɗe a ajiye, kamfani na sayar wa wani, alhali can za a tura maka lambar sirrin komawa shafinka. Mai sayar da atamfa a WhatsApp, ka ga kwastomominta sun tafi ke nan.

Saboda haka fara da layin. In ɓata ya yi, ɗauki NIN ɗinka ka je ofishin kamfanin su yi maka welkom bak, tun bai koma hannun wani ba. Da ya dawo, WhatsApp zai turo lamba shida, kana sakawa ɓarawon ya fita. In ya riga ya sa nasa PIN, haƙuri, kwana 7 za ka jira. Facebook kuma akwai facebook.com/hacked, ka shiga da wayar da ka saba.

Masu cewa turo dubu biyar su buɗe maka, wallahi ni ban yarda da su ba. Lamba shidan nan kuwa, ko da sunan tallafi aka kira ka, kar ka karanta wa kowa.

Sai mako mai zuwa.