Tiyon Da Hannu Ba Ya Kai Masa

A jawabinmu na yau za mu leƙa cikin injin wata tsohuwar mota ta Ingila, watau Mini, wadda Alec Issigonis ya tsara, aka fara sayar da ita a 1959, aka daina ƙera ta a 2000. Har yanzu akwai masu riƙe da ita suna tattalinta, kuma cikin abubuwan da ke ba su wahala akwai 'yan tiyoyin roba masu ɗaukar ruwan zafi.

A ƙasashen sanyi hita ba kayan alatu ba ce, domin ita ke ɗumama mota, ta kuma kore raɓar da ke rufe gilashin gaba. Ruwan da ke sanyaya inji shi ne ke bi ta wani tiyo ya ratsa bangon da ke tsakanin inji da mazaunin direba, ya shiga hita, sa'an nan ya komo ta wani tiyon. Da shekaru suka tura, robar takan bushe ta tsattsage. In ta fashe a kan hanya ruwa ya tsiyaye, inji ya ɗau zafi, kansa yana iya lanƙwashewa. Ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido.

Wahalar kuwa daga tsarin motar ta samo asali. Tsawonta ƙafa 10 ne kacal, saboda haka aka gicciye injin, aka matse lagireto a gefen hagu. Tsakanin famfon ruwa da kan inji akwai wani guntun tiyo wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, yana ɓoye inda hannu ba ya shiga. Ana sayar da wani iri mai lanƙwasa wanda za a iya matsewa a cusa ba tare da an kwance kome ba, amma ba shi da ƙarko. Mai son aiki nagari sai ya daure ya cire lagireto da famfon, ya sa miƙaƙƙen tiyo mai kauri.

Ga yadda ake canza na hitar. Da farko a bar inji ya huce sarai, a zubar da ruwan. Kada a murɗa tsohon tiyo da ƙarfi, gama bakin bututun hita siriri ne, yana iya karyewa. A tsaga robar da reza a ɓare ta. A ɗaura sabon a wutsiyar tsohon, yadda in an jawo wannan, wancan zai biyo shi ta ramin bango. In ya cije a shafa masa ruwan sabulu, ban da mai, domin mai yana cin roba. Maɗaurin ƙarfe kuma a juya kansa wajen da sukudireba za ta same shi wata rana. Daga ƙarshe a buɗe hita kafin a ɗura ruwa, don iska ta fita, a ta da inji, a duba ko akwai yoyo.

Muhimmin abu shi ne, tiyoyin nan tare suka tsufa. Wanda ya canza na fili ya ƙyale na ɓoye, bai rabu da haɗari ba, kuma zai sake kwance abin da ya riga ya kwance. Tun da an zubar da ruwa an buɗe wuri, a canza su duka a zama ɗaya. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na gyaran inji.