Amsar Wasiƙa: Allurar Rigakafi ce ta Taɓa Idon Yayana?

Wani manomi daga Zuru ya rubuto mana cewa a 2022, sati biyu bayan allurar korona, yayansa ya wayi gari ido ɗaya ya yi duhu, ba zafi ba ja. Tun ranar ya hana a yi wa 'ya'yansa kowace allura.

To Malam, Allah ya ba shi lafiya. Wannan ya yi kama da toshewar jijiyar jinin da ke ciyar da tantanin ƙuryar ido, kamar a datse ruwan lambu shuka ta yi yaushi. An ga hakan bayan allura, amma ba safai ba: wani bincike a Amurka a 2023 ya duba mutum sama da miliyan 3, wajen 100 ne kawai abin ya samu cikin sati 3. Babban mai jawo shi hawan jini ne, sai ciwon suga da taba. Shin an taɓa auna jinin yayan naka kuwa? Don Allah ka kai yara rigakafin ƙyanda da shan-inna.

Duk wanda idonsa ya dushe farat ɗaya, kada a tsaya ɗiga ruwan ganye. A garzaya babban asibitin Zuru a ranar, in ta kama su tura shi asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna, don wani lokaci gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne.