Horon Masu Awon Cututtukan Gado Bayan Digiri na Uku

1.0 Gabatarwa



Kalmar "gado" tsohuwar kalma ce a bakin Bahaushe, kuma ma'anarta ba ɗaya ba ce. Akwai gadon dukiya, wanda alƙali ke rabawa bayan rasuwar mai ita. Akwai gadon sarauta da na sana'a, inda ɗan maƙeri kan tashi a gindin zugazugi. Sa'an nan akwai gadon jiki, watau kama da tsawo da launin fata, har da waɗansu cututtuka, waɗanda ɗa ke ɗaukowa daga iyayensa ba da saninsu ba, ba kuwa da zaɓinsa ba. Bahaushe ya daɗe da lura da wannan gado na uku, shi ya sa yake cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da bai samu ba a da shi ne hanyar auna shi tun kafin ya bayyana.

Yau hanyar ta samu. Akan ɗebi jini cikin 'yar kwalba a kai ɗakin gwaje-gwaje, bayan kwanaki takarda ta fito da sa hannun wani mutum wanda marar lafiya bai taɓa gani ba. Bisa ga takardar nan akan ɗaura aure ko a fasa, akan fara magani ko a dakatar. Wannan lacca ta shafi mai sa hannun ne: wane horo ya samu, kuma me ya sa digiri na uku, watau na dokta, bai isa ya ba shi wannan matsayi ba. Za a fi ba da ƙarfi ga tsarin Amurka, domin ya daɗe kuma an shimfiɗa ƙa'idojinsa dalla-dalla, sa'an nan a waiwayo gida.

2.0 Abin da Ake Aunawa

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan tantanin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cibiyar tantanin akwai waɗansu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane kuromosom naɗi ne na sinadarin DNA, wanda rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, amma jerinsu ya kai kimanin biliyan 3. Cikin wannan rubutu ne ake samun ƙwayoyin gado, wajen 20,000, kowace da umurnin da take bai wa jiki. Idan aka ɗauki abin kamar littafi, kuromosom shi ne mujalladi, ƙwayar gado kuwa babi ce. Kuskure na iya faɗawa a kan mujalladi sukutum, ko a kan harafi guda, ko kuwa a gane shi ta aikin da jiki ya kasa yi. Daga nan ne fannin ya rabu gida uku.

Na farko shi ne awon kuromosom. Sai a 1956 Tjio da Levan suka tabbatar a ƙasar Suwidin cewa adadinsu 46 ne, ba 48 ba kamar yadda aka daɗe ana koyarwa. A 1959 masana a Faransa suka gano cewa lalurar Down tana faruwa ne saboda ƙarin kuromosom na 21. A 1960 aka ga wani gajeren kuromosom a jikin masu wani nau'in sankarar jini a birnin Filadelfiya, kuma a 1973 Janet Rowley ta nuna cewa musayar guntaye ce tsakanin na 9 da na 22.

Na biyu shi ne awon DNA kansa, kuma tarihinsa a ɗaure yake da cutar da Hausawa suka sani ƙwarai, watau amosanin jini ko sikila. James Herrick ya bayyana ta a Shikago a 1910. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa illar tana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jini, daga bisani kuma aka gane cewa sauyin harafi ɗaya tak ne tushenta. A 1978 Kan da Dozy suka gano cutar a jikin ɗan tayi ta hanyar awon DNA. An kammala babban aikin karanta rubutun gadon ɗan Adam a 2003.

Na uku shi ne awon sinadaran jiki. A farkon shekarun 1960 Robert Guthrie ya ƙago hanyar ɗiga jinin diddigen jariri a kan takarda don gano cutar PKU, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa in an bar ta, amma abinci na musamman ke kare yaro daga illarta in an gano ta da wuri.

3.0 Dalilin da Ya Sa Digiri Bai Isa Ba

Wanda ya yi digiri na uku ya shafe shekaru yana haƙa rijiya guda. Ya san ƙwayar gado ɗaya ko cuta ɗaya fiye da kowa, ya iya tsara gwaji, in bai yi ba ya sake, in ya yi kuskure wani masani ya gyara masa a mujalla. Ɗakin gwaje-gwajen asibiti ba haka yake ba. Yau jinin jariri ne, gobe ɓargon mai sankara, jibi ruwan mahaifar mai ciki. Sau da yawa abin da aka ɗebo ba shi da na biyu, likita na jiran amsa cikin kwanaki, kuskure kuwa a kan iyali yake sauka.

Bahaushe ya san irin wannan bambanci. Ba duk wanda ya sauke littattafan fiƙihu ake ɗorawa kan buzun alƙalanci ba. Sai ya zauna gaban alƙali ya ga yadda ake sauraron ƙara da auna shaida. Mai bincike yana da damar ya ce "wataƙila". Mai sa hannu a kan sakamako kuwa shaida yake bayarwa, kuma dole ya san iyakar abin da awonsa ya gani da abin da bai gani ba. Wannan shi ne horon bayan digiri ke koyarwa.

4.0 Tsarin Horon a Amurka

A 1980 aka kafa hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa a wannan fanni, wadda yanzu ake taƙaita sunanta da ABMGG, kuma a 1991 ta shiga cikin ƙungiyar hukumomin ƙwararrun likitocin ƙasar. Da can awon kuromosom da awon DNA horo biyu ne mabambanta. A 2017 aka haɗe su wuri guda, domin sababbin na'urori sun rushe katangar da ke tsakaninsu. Awon sinadaran jiki kuwa ya ci gaba da zaman kansa.

Mai neman shiga sai ya kasance likita, ko mai digiri na uku a ilmin gado ko fannin da ya danganci shi. Wanda ya yi karatunsa a wata ƙasa sai hukumar ta tantance takardunsa tukuna. Horon ba ya kasa shekara biyu, waɗansu cibiyoyi kuma kan kai shi uku. Ana biyan mai koyo albashi, amma guraben kaɗan ne, galibi mutum ɗaya ko biyu cibiya ke ɗauka a shekara.

Ana iya kasa aikin kashi huɗu. Da farko mai koyo zai zauna tare da ma'aikatan awo ya yi aikin da hannunsa: renon tantanin halitta, jera kuromosom, tace DNA, sarrafa na'ura, domin wanda bai san inda kuskure ke ɓuya ba ba zai iya kama shi ba. Na biyu, zai koyi fassara sakamako da rubuta rahoto, darakta na dubawa yana gyarawa, kuma ba ya sa hannu shi kaɗai. Na uku, zai riƙa halartar asibiti ya ga marasa lafiya da iyalansu tare da likitoci da masu ba da shawara kan gado, don ya san cewa bayan kowace lamba akwai mutum. Na huɗu, zai koyi tafiyar da ɗakin gwaje-gwaje: tabbatar da ingancin sabon awo kafin a fara amfani da shi, kiyaye asirin marar lafiya, bin dokoki, da shugabancin ma'aikata.

Duk tsawon lokacin nan yana riƙe da kundi inda yake rubuta awon da ya yi da rawar da ya taka a ciki, kuma adadin da ake nema bai kasa 150 ba. Bayan malamansa sun amince, sai ya zauna jarrabawa kashi biyu, ɗaya ta ilmin gado baki ɗaya, ɗaya ta fanninsa. Ko bayan ya ci, wajibi ne ya riƙa sabunta ilminsa in yana son shaidarsa ta ɗore.

Waɗansu ƙasashe sun bi tasu hanyar. A Ingila hukumar lafiya ta ƙasa na da horo na shekara uku ga masana kimiyyar asibiti, da wani na shekara biyar ga masu neman babban matsayi. A Afirka ta Kudu akwai zaman koyon aiki na shekara biyu kafin rajista. Hanyoyin sun bambanta, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: ba a sa hannu sai an zauna gaban gwani.

5.0 Wahalar Fassara

Mafi wuyar aikin ba karanta haruffan ba ne, na'ura ta ɗauke wannan. Wahalar ita ce sanin ma'anarsu. Kowane mutum na ɗauke da miliyoyin wuraren da rubutunsa ya saɓa wa na wani, kuma mafi yawansu ba su da wata illa. A 2015 ƙungiyoyin masana a Amurka suka fitar da ƙa'idar kasa kowane sauyi cikin matakai biyar: mai jawo cuta, mai yiwuwar jawo cuta, wanda ba a san ma'anarsa ba, mai yiwuwar rashin illa, da marar illa. Ana yanke hukunci ne bisa hujjoji, kamar yawan sauyin cikin jama'a masu lafiya, da yadda yake bin cutar cikin dangi.

A nan akwai abin lura ga ɗan Afirka. Mutanen wannan nahiya sun fi na ko'ina bambancin gado a tsakaninsu, amma mafi yawan bayanan da aka tara daga Turawa aka samo su. A 2016 masu bincike na Jami'ar Harvard suka bayyana cewa an gaya wa waɗansu mutane suna ɗauke da sauyin da ke jawo wata cutar kaurin tsokar zuciya, alhali sauyin ba shi da illa, ya dai yawaita ne tsakanin baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda ba a sa su yadda ya kamata cikin binciken farko ba. Na'ura ba ta yi ƙarya ba. Fassarar ce ta kauce.

6.0 Abin da Ya Shafi Nijeriya

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadonta. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS. Ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ne kawai zai kamu ba, domin kowane ciki da lissafinsa. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif. Ke nan takardar awo ta shiga sha'anin aure kai tsaye.

To, amma awon da aka saba yi, na rarrabe himogulobin da wutar lantarki, yana da iyaka. Akwai nau'o'in himogulobin, kamar D da G, da kan tsaya daidai inda S ke tsayawa, sai a rubuta wa mutum AS alhali ba shi ba ne, a raba shi da wadda yake so a banza. Mai SS da aka yi wa ƙarin jini ba da daɗewa ba yana iya fitowa kamar AS. Har ila yau, mai ɗauke da ƙwayar wata cutar jini da ake kira beta talasimiya, ko da yake ba ta yawaita a nan ba, yakan fito kamar AA. In ya auri mai AS suna iya haihuwar ɗa mai ciwon sikila. A gidan da ba a sami mai bayani ba, zargi kan faɗa a kan matar, aure ya mutu, a ɓata sunan wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Wanda ya sami horo shi ne zai san lokacin da ya kamata a sake awo ta wata hanya, ko a kai ga DNA, kafin ya sa hannu.

Saboda haka akwai kira iri biyu. Ga ɗalibi mai sha'awar wannan sana'a, ba a fafe gora ranar tafiya: ya zaɓi binciken digirinsa a kan gadon ɗan Adam, ya nemi kusanci da ɗakin gwaje-gwajen asibiti tun yana karatu, ya kuma koyi lissafi da sarrafa bayanai a kwamfuta. Ga ma'aikacin gwamnati mai tsara kasafi, sayen na'ura shi ne mafi sauƙi cikin aikin. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne kuɗin horo, da gurbin aiki mai daraja wanda zai sa wanda aka horar ya dawo ya zauna, da tsarin da zai riƙa jarraba ingancin ɗakunan awo a kai a kai. Shirin H3Africa, wanda aka ƙaddamar a 2010, ya taimaka wajen yaye matasa masu bincike a nahiyar. Matakin da ke biye shi ne mayar da waɗansunsu masu aikin asibiti.

7.0 Kammalawa

An ga cewa awon gado ya rabu gida uku, cewa digiri na uku ƙofa ce ba masauki ba, kuma cewa ƙasashen da suka yi nisa sun ɗora shekaru na koyon aiki da jarrabawa tsakanin mai digiri da alƙalamin sa hannu. Ba don ƙawa suka yi haka ba. Gadon dukiya in an yi kuskuren rabonsa ana iya ɗaukaka ƙara. Auren da aka fasa, ko jaririn da aka makara wajen gano cutarsa, ba su da kotun da za ta mayar musu da abin da ya wuce. Al'ummar da ta wajabta awo ta ɗauki nauyin samar da wanda ya cancanci ya fassara shi.