Baƙon 'Yan Makonni a Galmi



Yau zancenmu kan masu fita ƙasashen waje aikin bishara na ɗan lokaci ne. A garin Galmi da ke Nijar akwai asibitin mishan da ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950. Likitoci Kiristoci kan zo daga Amurka da Turai, su yi 'yan makonni, su koma. Sun taimaka, babu shakka. To amma wa ke fassara koken majinyaci? Wa ke wanke ciwon bayan baƙo ya tafi? Ma'aikacin gida ne. Ma'aikacin gida ne, jama'a.

Don haka ɗan'uwa mai shirin tafiya, koyi gaisuwar mutanen kafin ka ɗaure kaya. Tambayi masu masaukinka abin da suke bukata, ka kuma saurare su.