SANIN KAI: DARASI DAGA RANAR DA HARSHEN IMAM GAZALI YA SARƘE

Wannan jawabi ne da aka gabatar ga matasa a wani zaman tarbiyya, kan farkawar zuciya da sanin kai.

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S), da alayensa da sahabbansa.

Abin da za a yi magana a kai shi ne sanin kai. Matashi zai iya zama ya lissafo cututtukan al'umma tun daga sama har ƙasa, ya faɗi laifin masu mulki da na malamai da na 'yan kasuwa, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Amma da za a ce masa, to kai mene ne ciwonka, sai ya yi shiru, don bai taɓa bincikawa ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Wannan shirun shi ake kira gafala, kuma tana kama mai ilimi kamar yadda take kama jahili. Babban misali a nan shi ne Imam Abu Hamid Gazali, mai littafin Ihya'u Ulumid Din da ake karantawa a zaurukan malamai.

WANE NE SHI KAFIN YA FARKA?

An haife shi a garin Ɗus, a Khurasan, cikin ƙasar Iran ta yanzu, a shekara ta 450 bayan Hijira, wato 1058 Miladiyya. Ya yi karatu a Naisabur wajen Imamul Haramaini Juwaini har malamin ya rasu a 478. A shekara ta 484, Waziri Nizamul Mulki na daular Saljuƙawa ya naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana ɗan shekara 34 kacal. Wajen ɗalibai 300 ne ke zama gabansa. Fadar Halifa ta san shi, manya suna neman fatawarsa.

Kuma shi ba mutum ne mai karɓar abu ido rufe ba. Ya ba da labari a littafinsa Almunƙizu Minad Dalal cewa ya taɓa yin kusan wata biyu yana shakkar hatta abin da idonsa ke gani, tunda ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take yi, yana ganin tauraro ɗan mitsitsi alhali lissafi ya nuna girmansa. Bayan Allah ya yaye masa wannan, sai ya bi masu neman gaskiya na zamaninsa ɗaya bayan ɗaya: ma'abota ilimin kalami, da 'yan falsafa, da Baɗiniyya, da Sufaye. Falsafa shi kaɗai ya karance ta cikin ƙasa da shekara biyu, a ɗan lokacin da ya rage masa bayan karantarwa, sannan ya rubuta Tahafutul Falasifa yana raddi.

Da ya zo kan Sufaye, ya karanta Ƙutul Ƙulubi na Abu Ɗalib Makki da littattafan Haris Muhasibi, sai ya ci karo da bango. Ya gane cewa wannan fagen karatu kaɗai ba ya isar da mutum. Likitan da ba shi da lafiya ya san ma'anar lafiya sarai, amma saninsa bai tashe shi daga kwance ba. Mai jin yunwa zai iya bayanin ƙoshi, cikinsa na kuka.

TAMBAYAR DA TA GIRGIZA SHI

A nan ne Imam ya juyo da fitilar binciken kan kansa. Ya dubi ayyukansa, ya ga mafi kyawunsu shi ne karantarwa. Sai ya tambayi niyyarsa a cikin wannan karantarwar, ya tarar ba don Allah tsantsa take ba, son girma ne da son suna ya bazu suke tunzura ta.

A lura da kyau, 'yan uwa. Ba a wajen wani saɓo na fili ya gano ciwonsa ba. A cikin aikin da kowa ke yaba masa ya gano shi. Saɓon fili mai shi ya san saɓo ne, yana jin kunyarsa, ana sa ran ya tuba. Amma riya da ujubu da son shugabanci, su rigar addini suke sawa su shigo, mai su yana tafe yana ganin lada yake tarawa.

Ganewa ɗaya, iya rabuwa kuma daban. Wajen wata shida ya yi, tun daga Rajab na 488, yana sa ƙafa yana janyewa. Da safe ya ƙudurta barin Bagadaza, kafin yamma sha'awar matsayi ta warware ƙudurin, Shaiɗan yana raya masa cewa wannan hali ne mai wucewa, in ka bar wannan kujera ba lalle ka sake samun ta ba. Daga ƙarshe sai harshensa ya sarƙe. Yakan yi ƙoƙarin karantarwa don daɗaɗa wa ɗalibai, kalma ɗaya ta ƙi fita. Abinci ya daina narkewa a cikinsa, jiki ya yi rauni. Likitoci suka ɗebe tsammani, suka ce abin daga zuciya ya taso, kuma daga can maganinsa zai fito.

Da dabara ta ƙare masa, sai ya koma ga Allah komawar wanda ba shi da sauran madafa, Allah kuwa ya sauƙaƙa masa rabuwa da girma da dukiya. A Zulƙida ta 488 ya bar Bagadaza. Ya nuna wa mutane Makka za shi, alhali Sham ya nufa, don kada Halifa da abokai su tare shi. Ya rabar da dukiyarsa, sai abin da zai ishe shi da 'ya'yansa. Mutane suka yi ta surutu, na nesa suna cewa tsoron mahukunta ne ya kore shi, wasu suna cewa kambun baka ne ya sami Musulmi.

A Dimashƙa yakan hau hasumiyar masallaci ya kulle ƙofa ya wuni yana zikiri da tunani. Ya je Baitul Muƙaddas, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim (AS) a garin Halil, inda ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara zuwa fadar sarki ba, ba zai karɓi kuɗin sarki ba, ba zai shiga muƙabalar cin nasara ba. Daga nan ya yi aikin Hajji. A cikin waɗannan shekaru ne ya rubuta Ihya'u, littafi 40 a kashi huɗu: ibadu, al'adun zaman yau da kullum, halaye masu halakarwa, da halaye masu tsirarwa.

TO MECE CE HANYAR?

Ba a ce kowane matashi ya bar iyayensa da makarantarsa ya shiga duniya ba. Shi kansa Imam ya ce buƙatun iyali da neman abinci sun riƙa katse masa halwa. Abin da ya bari ga mai nema, ana iya yin sa a cikin gida da kasuwa.

Na farko, mutum ya san abin da ke cikinsa. Alƙur'ani ya ambaci nafsu mai umurni da mummuna a Suratu Yusuf, da mai zargin kanta a Suratul Ƙiyama, da natsattsiya a Suratul Fajri. Imam kuma ya kwatanta cewa a cikin fatar ɗan Adam akwai kare, wato fushi, da alade, wato sha'awa, da shaiɗan mai zuga su, da mai hikima, wato hankali. Ɗan uwa ya duba wane ne ke riƙe da akalarsa daga Asuba zuwa Lisha.

Na biyu, tunda ido ba ya ganin kansa, sai da madubi. Imam ya kawo madubai huɗu: malami mai basira da zai nuna wa mutum aibinsa, aboki mai gaskiya da aka ba izinin faɗar gaskiya, bakin maƙiyi, don shi ba ya ɓoye aibi, sannan cuɗanya da mutane, duk abin ƙi da aka gani ga wani a tuhumi kai da shi. Wanda aka yi wa gyara ya ɗauki gaba, ya fasa madubinsa da hannunsa.

Na uku, lissafin kullum, irin na ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Da safe a ƙulla sharaɗi da rai: yau ba giba, ba kallon haram, ba jinkirta salla. Da rana a sa mata ido. Da dare a zauna a yi lissafi: farillai su ne uwar kuɗi, nafiloli riba, saɓo kuwa asara. In an sami giɓi, a hore ta da azumi ko sadaka, a matsa mata, a yi mata faɗa. Ɗan tireda ba ya kwana bai ƙirga cinikinsa ba, ina ga wanda jarinsa numfashi ne da ba ya dawowa?

Kuma a fara lissafin daga inda Imam ya fara. Wanda aka miƙa wa lasifika, ya tambayi zuciyarsa, da wani aka ba ya fi shi iyawa, daɗi zai ji ko ƙunci? Wanda ya raya dare, yana son gari ya waye wani ya sani? Wanda ya ci gardamar ilimi, murnar bayyanar gaskiya yake ko ta kunyata ɗan uwansa? Amsar da ta zo kafin mutum ya gyara ta, ita ce gaskiyar halinsa.

ƘARSHEN TAFIYAR

Bayan shekara 11, a Zulƙida ta 499, Imam ya koma karantarwa a Nizamiyya ta Naisabur, saboda ya ga imanin mutane ya yi sanyi, kaɗaita kuma ba za ta zame masa uzuri ba. Aikin dai shi ne na da, amma niyyar ta sake: da yana yaɗa ilimin da ake neman girma da shi, yanzu yana kira ga ilimin da ake barin girma da shi. Daga baya ya koma Ɗus, inda ya rasu a 505, wato 1111, yana da shekara 55.

Saboda haka, 'yan uwa, kada wanda ya gano riya a aikinsa ya ajiye aikin, wannan ma wata kafa ce ta Shaiɗan. Ya ci gaba da aikin yana wanke niyyar. Imam Gazali Allah ya sarƙe harshensa don ya farkar da shi, ba kowa ake yi wa wannan gata ba. Da yawa harshensu na zuba har ranar da za a ɗauke su zuwa kushewa. Kowa ya fara nasa lissafin daga daren yau.

Allah ya nuna wa kowa aibinsa tun yana da damar gyarawa, ya tsarkake zukata daga riya da son girma.